Manhajar da za ta taya injiniya tsara siginar jirgin ƙasa: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibin kwamfuta ne, ina digiri na biyu. Ina so in gina manhaja irin wadda ake zuba wa ilimin ƙwararru, a ba ta zanen tashar jirgin ƙasa ta fitar da tsarin sigina gaba ɗaya, injiniya ya sa hannu kawai. Yana yiwuwa? Kuma ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana yiwuwa, har ma an daɗe da yin wani sashe na abin da kake nufi. Amma wannan "kawai" ɗin da ka liƙa a bayan "ya sa hannu", nan gizo ke saƙar. Shawarata ita ce kada ka fara da manhajar da za ta tsara sigina. Fara da wadda za ta duba tsarin da mutum ya yi, ta nuna masa inda ya kauce, ta kuma faɗi ƙa'idar da ya taka. Zan yi bayanin dalili, sai dai ka yi haƙuri, sai mun ɗan zaga ta layin dogo kafin mu dawo kan kwamfuta, domin yawancin masu irin burinka ba a rubutun manhaja suke tuntuɓe ba, a fahimtar aikin ne.

Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogon da take takawa ma ƙarfe ne, riƙon da ke tsakaninsu kuwa kaɗan ne in ka kwatanta da tayar roba a kan kwalta. Ɗauki jirgin da ke gudun kilomita 160 a awa, wato kusan mita 44 a kowane sakan. In birkinsa na zaftare rabin mita daga wannan gudun a kowane sakan, sai ya ci kusan mita 1,975 kafin ya tsaya cik. In layin gangara ne mai sauka mita 1 a kowane mita 100, nisan zai kai wajen mita 2,450. Gangarar da da ƙyar ido ke ganinta ta ƙara kusan rabin kilomita. Direba ba ya hango nisan nan a kwana ko cikin hazo, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce. Saboda haka ba da idonsa yake tuƙi ba, da alkawarin da sigina ta yi masa ne. In ta nuna kore, ta ce masa ke nan: gabanka babu kowa, layin da za ka bi an saita shi an kulle, kuma babu wanda aka ba izinin ratso maka.

Abin da ke hana wannan alkawari zama ƙarya shi ne tsarin da injiniyoyi ke kira intalokin, ni ina ce masa kulle-juna. A 1856 John Saxby ya yi rajistar irinsa a Ingila: sandunan ƙarfe da ake ja da hannu, an sarƙe su ta yadda ba za ka iya jan sandar sigina ba sai masauyin layi, wato ƙarfen da ke karkata jirgi daga wannan layi zuwa wancan, ya zauna inda ya kamata, kuma da zarar ka ja ta, masauyin ba ya ƙara motsi. A 1872 William Robinson ya kawo dabarar tura lantarki ta cikin dogo a Amurka. In layi babu kowa, lantarkin na isa ɗaya ƙarshen. In jirgi ya hau, ƙafafunsa su haɗa dogayen biyu, lantarkin ya yanke, sigina ta koma ja. Lura da kyawun dabarar: ko waya ce ta tsinke, ko batir ya mutu, sakamakon ɗaya ne, ja. Lalacewa tana faɗawa ta gefen lafiya. Wannan tunanin shi ne ƙashin bayan sana'ar, kuma in manhajarka ba ta gaje shi ba, babu injiniyan da zai kalle ta sau biyu. Bayan hatsarin Armagh a Ailan a 1889, inda mutum 80 suka rasu, majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta kulle-juna, da raba layi kashi-kashi, da birki mai kama kansa a jiragen fasinja.

Daga sanduna aka koma rile, wato maɓallan lantarki masu aiki da maganaɗisu, daga nan sai kwamfuta. A 1985 aka kafa kulle-juna na kwamfuta mai suna SSI a Leamington Spa ta Ingila. Sauyin da wannan ya kawo shi ne ya buɗe ƙofar aikinka. Manhajar da ke cikin na'urar iri ɗaya ce a kowace tasha, an gwada ta an amince da ita tuntuni. Abin da ke bambanta tasha da tasha shi ne bayanan da ake ɗura mata: wace sigina ce ke ina, wane masauyi ke kulle wane. Ashe aikin mai tsarawa ya zama jerin takardu masu haifar juna. Zanen tsari ya nuna layuka da sigina. Daga shi a fitar da jadawalin kulle, wanda ke faɗin sharuɗɗan kowace hanya, wato tafiyar da ake ba jirgi izini daga wata sigina zuwa ta gaba. Daga jadawalin a rubuta bayanan na'ura. Sai a gwada a ofis, a sake gwadawa a fili. Duk inda aka kwafe daga wannan takarda zuwa waccan, akwai ƙofar kuskure.

Bari mu ɗauki ƙaramar tasha mu duba ta kusa da kusa. Layi ɗaya ne ya taho daga yamma, ya rabu biyu a masauyi na 11, layi na 1 da layi na 2, suka sake haɗuwa a masauyi na 12 a gabas. Ana yin haka domin jirage biyu su yi kiciɓis su wuce juna. Jirgi ya taho daga yamma, ana so ya shiga layi na 2 ya tsaya a siginar fita. Kafin siginar shiga ta bar ja, me ake bukata? Masauyi na 11 ya karkata zuwa layi na 2, a kulle shi, kuma na'ura ta tabbatar harshensa ya manne da dogo, ba umarni kawai aka aika masa ba. Kowane yankin layi daga sigina zuwa sigina ya nuna babu kowa. Kada a ce an riga an ba jirgin gabas izinin shiga layi na 2. Zuwa nan ɗalibi ma zai iya. Sai kuma rarar layi: ana barin wani nisa a bayan siginar fita ko da direba ya zarce ta kaɗan, a Birtaniya abin da aka saba shi ne mita 183. In wannan rarar ta hau kan masauyi na 12, to ka ga matsala: jirgin gabas ba zai shigo layi na 1 a lokaci guda ba, domin shi ma ta masauyi na 12 zai bi. Layuka biyu daban, amma hanyoyin sun ci karo a takarda. Sai kuma abin da zai faru in mai kula da sigina ya canza shawara ya soke hanyar alhali jirgi ya riga ya ga kore yana tafe da gudu. Sigina za ta koma ja nan take, amma masauyi ba zai saku ba sai agogon da aka lissafa ya cika, ko dai jirgin ya tsaya ko ya shigo. Wannan duk hanya ɗaya ce a tasha mai masauyi biyu. Babbar mararraba kan sami ɗaruruwan hanyoyi.

Ka ga yadda maganar ke fita da kanta da siffar "idan kaza, to kaza". Shi ya sa tun shekarun 1980 masu bincike suka hango cewa manhajar gwaninta, wato irin wadda ake zuba wa ilimin ƙwararru, za ta dace da wannan aiki. Asalin irin wannan manhaja daga Jami'ar Stanford ne: DENDRAL da aka fara a 1965 don gano tsarin sinadarai, sai MYCIN a shekarun 1970 mai ba likita shawara kan cututtukan jini da maganin da ya dace. Wadda ta fi kama da aikinka ita ce XCON, da John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon ya gina wa kamfanin DEC, aka fara amfani da ita a 1980 wajen haɗa sassan kwamfutocin VAX daidai da odar mai saye. Gininsu duka ɗaya ne: rumbun ƙa'idoji a gefe, bayanan matsalar da ke gabanka a gefe, sai injin da ke ɗora ƙa'idoji a kan bayanan ya fitar da hukunci, ya kuma iya faɗin yadda ya kai ga hukuncin. Injin ba shi ne wahalarka ba. Akwai harsunan kwamfuta da aka riga aka gina don wannan: akwai Prolog tun 1972, akwai CLIPS da hukumar NASA ta fitar a tsakiyar shekarun 1980, akwai Datalog wanda masu bincike a Norway suka yi amfani da shi wajen auna zanen tashoshi da dokokin layin dogon ƙasarsu. Ɗauki ɗaya ka wuce.

Abu ɗaya daga MYCIN da ba za ka kwaso ba shi ne ma'aunin tabbas, inda take cewa ga alama kaza ne amma ba ɗari bisa ɗari ba. Likita na iya aiki da zato mafi rinjaye. Masauyi kuwa ko a kulle yake ko ba a kulle ba.

Wahala ta farko ita ce tatso ilimin. Edward Feigenbaum, ɗaya daga waɗanda suka gina DENDRAL, ya daɗe da nuna cewa a nan aikin ke maƙalewa, kuma har yau haka ne. Za ka ɗauka littafin ƙa'idojin hukumar jirgin ƙasa ya isa. Buɗe shi ka gani. Za ka tarar da "a inda hali ya yi", da "nisan da ya wadatar", da "sai dai in an tantance haɗarin". Mutum ya san me ake nufi, kwamfuta ba ta sani ba. Sauran ilimin kuma ba ya cikin littafi sam, yana cikin kawunan dattawan sana'ar, kuma in ka ce su zayyana maka ƙa'idojinsu, za su faɗi rabi su manta rabi, ba don rowa ba, don hannunsu ya riga bakinsu sani. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ka daina tambayar ƙa'ida. Kawo zane mai kuskure ka ajiye a gabansa, ka ba shi jan biro, ka yi shiru. Duk inda ya ja layi, ka ce, "Yallaɓai, me ka gani a nan?"

Na taɓa zama haka da wani dattijo a wani aiki da muka yi, lokacin muna gwada wata ƙaramar manhajar dubawa da muka haɗa. Ta bi jadawalin wata tasha ta ce babu matsala. Ya jawo zanen, bai ko kalli jadawalin ba, ya ɗora ɗan yatsa a inda layuka biyu ke matsowa kusa da masauyi, ya ce, "Ina iyakar yankin nan take, gaban alamar gogayya ko bayanta?" Alamar gogayya ita ce wurin da layuka biyu suka matsu har jirgin da ke kan wannan zai goge wanda ke kan wancan. In iyakar yankin lantarki ta faɗa cikin wannan matsatsin, jirgi na iya tsayawa na'ura ta nuna ya bar yankin masauyi, alhali wutsiyarsa na leƙe a hanyar wani. A irin wannan hali dole a sa yankin maƙwabci cikin sharuɗɗan hanyar, ko da jirgin da aka ba izini ba zai taka shi ba. Manhajarmu ta san me ke haɗe da me, ba ta san nisa tsakanin layi da layi ba. Da muka koma kan takardun awo, iyakar na ciki da 'yan mitoci. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Ranar na gane cewa ba ƙa'ida ɗaya muka manta ba, nau'in bayani guda ne ba mu ma tanadar masa gurbi ba.

Wannan ya kai mu wahala ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace cin lokaci: bayanan tasha. Zanen da injiniya ke bugawa hoto ne na mutum. Layi biyu na iya taɓa juna a takarda, kwamfuta ba ta san ko sun haɗu ko ɗaya gada ce ta haye ɗaya ba. Kana bukatar siffar da ke ɗauke da haɗin layuka, da nisa, da gangara, da gudun da aka yarda a kowane yanki, da inda kowace na'ura take. Kada ka ƙirƙiro taka daga tushe. Duba railML, wanda aka yi don musayar bayanan layin dogo, da kuma aikin EULYNX, haɗin gwiwar hukumomin layin dogo na Turai kan daidaita yadda na'urorin sigina ke magana da juna. Ko da haka, ka sa a ranka cewa tsohon zane da abin da ke ƙasa ba kullum suke daidai ba. An matsar da sigina shekaru goma da suka wuce, an gyara a takarda ɗaya an manta da ɗaya.

A nan akwai wani rami da masu Prolog da Datalog ke faɗawa ba su sani ba, kuma ina so ka ja masa layi. Waɗannan harsuna suna ɗaukar duk abin da ba a faɗa musu ba a matsayin babu shi. Ka tambaya, "Akwai hanyar da ke karo da wannan?" In an manta shigar da masauyi ɗaya cikin bayanai, amsar za ta fito da fara'a: babu. A wani fagen wannan ɗan kuskure ne. A sigina kuwa ya juya ƙa'idar Robinson ne kai ƙasa, rashin bayani ya zama izini. Maganinsa shi ne kowane hukunci ya zama ɗaya cikin uku: ya cika ƙa'ida, ya saɓa ƙa'ida, ko ban iya yanke hukunci ba saboda ban sami kaza ba. Na ukun a ɗauke shi kamar jar sigina. Sannan manhajar ta riƙa ƙirga abin da ta duba: hanyoyi nawa, masauya nawa, ƙa'idoji nawa ne suka taɓa kowace hanya. Rahoton da ya ce "babu kuskure" bai faɗi abin da ya duba ba, ba rahoto ba ne.

Yanzu ga dalilin da na ce ka fara da mai dubawa. A ranar 12 ga Disamba 1988 jirage uku suka yi karo kusa da Clapham Junction a Landan, mutum 35 suka rasu. Ana sabunta wayoyin sigina ne, aka bar tsohuwar waya haɗe a bakinta ɗaya, ɗaya bakin a sake ba a naɗe ba. Ta taɓa inda bai kamata ba, sigina ta ƙi komawa ja alhali jirgi na tsaye a gabanta. Binciken Anthony Hidden ya gano cewa ma'aikacin ya yi makonni 13 a jere yana aiki kwana bakwai a mako, kuma babu wani mutum daban da ya ƙirga wayoyin a bayansa. Darasin da sana'ar ta riƙe shi ne mai yi daban, mai duba daban, mai gwaji daban. To ka auna burinka da wannan mudu. In manhajarka ta tsara, injiniya ya sa hannu kawai, wa ya duba? In kuma ka ce ita za ta duba kanta da ƙa'idojin da ta yi tsarin da su, an ba kura ajiyar nama. Ƙa'idar da ta ɓace lokacin tsarawa za ta ɓace lokacin dubawa. Ga kuma halin ɗan Adam: takardar da ta fito daga kwamfuta tsaf-tsaf, in ka duba guda hamsin ba ka sami komai ba, ta hamsin da ɗaya da rabin ido za ka dube ta.

Dokokin aikin ma sun san wannan bambanci. A Turai ana bin EN 50126, da EN 50129, da EN 50128 wadda EN 50716 ta gaje ta a 2023. Kulle-juna na babban layi yawanci yana matakin aminci mafi tsauri, SIL 4, inda ake son lalacewa mai haɗari ta kasa sau ɗaya cikin awa miliyan 100, wato fiye da shekara 11,000. Kayan aikin da injiniya ke amfani da su an kasa su uku. T1 shi ne wanda abin da ya fitar ba ya shiga na'ura, kamar manhajar rubutu. T2 shi ne mai dubawa: in ya yi kuskure zai kasa gano aibi, amma ba zai haifar da shi ba. T3 shi ne wanda abin da ya fitar ke shiga na'urar, kai tsaye ko ta bayan fage. Manhajar da kake mafarki T3 ce, kuma hujjar da za a nema a kanta nauyi ce da ɗalibi ɗaya ba zai ɗauka ba. Mai dubawa T2 ce, ana iya jingina ta kusa da dubawar mutum tun ranar farko ba tare da an cire komai ba. In ta kama kuskure an ci riba, in ba ta kama ba ba a rasa abin da ake da shi ba.

Akwai kuma iyakar ƙa'idojin "idan kaza, to kaza" su kansu. Suna da kyau wajen duba abin da ke tsaye: nisa, jeri, sharuɗɗan jadawali. Amma wasu kurakuran ba sa bayyana sai abubuwa sun faru bi da bi ta wata tsararriyar hanya: an saita hanya, an soke, jirgi ya shigo, na'urar wani yankin layi ta canza abin da take nunawa na ɗan ƙiftawar ido, an saita wata. In tasha na da abubuwa 50 kacal masu hali biyu-biyu, yanayin da za su iya kasancewa ya haura tiriliyan 1,000. Babu mai gwada su ɗaya bayan ɗaya. Nan ne aka koma ga hujjar lissafi, wato a rubuta sharaɗin aminci, misali "masauyi ba ya motsi in jirgi na kansa", a bar kwamfuta ta tabbatar babu jerin abubuwan da zai karya shi, ko ta kawo jerin da ya karya. Layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris, mara direba, da aka buɗe a 1998, an gina manhajar amincinsa da hanyar B ta Jean-Raymond Abrial. A Suwidin, dabarar Gunnar Stålmarck ce ta haifi kamfanin Prover, mai tantance kulle-juna ta wannan hanya. ProB kuma, wani kayan dubawa na Jami'ar Düsseldorf a Jamus, kamfanin Siemens ya yi amfani da shi wajen tantance bayanan layukan jirgin birni, aikin da hannu kan ci makonni ya koma na mintoci. In ka lura, nasarorin da suka fi yawa a fagen nan na dubawa ne. Manhajar gwaninta ta zamani a sigina haɗin gambiza ce: ƙa'idoji na duba zane da jadawali, hujjar lissafi na duba halayyar na'ura.

Sai abin da babu ɗayansu da ke gani. A ranar 5 ga Oktoba 1999, a Ladbroke Grove kusa da tashar Paddington, jirgi ya wuce jar sigina mai lamba SN109 ya yi taho-mu-gama da wani mai gudu, mutum 31 suka rasu. Kulle-juna ya yi aikinsa yadda aka tsara, siginar ja take. Amma tana jere da wasu a kan gadar ƙarfe, kayan wayoyin lantarki na sama na tare ta, kuma direbobi sun riga sun wuce ta tana ja har sau takwas cikin shekaru shida kafin ranar. Jadawali ba ya nuna inda rana ke faɗowa da safe, ba ya nuna me sabon direba zai ɗauka tasa ce cikin fitilu da yawa. Manhaja na iya lissafa sakan nawa direba zai ga sigina in an ba ta siffar wurin, wannan taimako ne na gaske. Hukuncin ƙarshe kuwa na mutanen da suka je suka tsaya a wurin ne, gani ya kori ji. Ka rubuta ƙarara a rahoton manhajarka abubuwan da ba ta dubawa.

Kada in manta da kula da rumbun ƙa'idoji, don shi ne ya gajiyar da manhajojin gwaninta na farko. XCON ta girma har ƙa'idojinta suka kai dubbai, ya zama in ka taɓa ɗaya ba ka san wace za ta motsa ba. Naka zai fi haka rikici, domin kowace ƙasa da tsarinta, abin da Jamus ke nufi da rarar layi ba daidai yake da na Birtaniya ba, kuma tashar da aka gina shekaru 30 da suka wuce da dokar zamaninta aka gina ta. Kowace ƙa'ida ta ɗauki lambar sashen littafin da ta fito, da bugun littafin, da dalilinta a jimla ɗaya, da sunan muƙamin wanda ya amince da ita. Ka rubuta ta yadda injiniyan sigina zai karanta ba sai ya koyi Prolog ba, in ba haka ba babu mai iya cewa ka fassara dokar daidai. Ka kuma tanadi wurin rubuta sassauci: wani lokaci hukuma na yarda a kauce wa ƙa'ida saboda gada ko rami ya hana. In manhajar ta ci gaba da ihu a kan abin da aka riga aka yarda da shi, ta cika rahoto da ƙorafi 400 wanda 390 ba komai ba ne, cikin mako biyu za a daina karanta ta, goman gaskiyar su tafi tare da sauran.

Na san za ka tambaya game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu hira da mutum. Suna da amfani wajen taya ka karanta littafin doka mai kauri da zayyana daftarin ƙa'ida, wanda mutum zai duba ya gyara. Amma hukunci ba nasu ba ne. Abin da zai iya ba ka amsa biyu daban ga tambaya ɗaya, ya kuma faɗi kuskure da cikakkiyar natsuwa, ba ya shiga hujjar aminci.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Nemi littafin ƙa'idojin hukuma ɗaya tak, da injiniyan sigina ɗaya da zai ba ka awa biyu a mako. Ɗauki tasha kamar wadda muka zana a sama. Rubuta ƙa'idoji 20, ba 200 ba: masauyan da ke cikin hanya, yankunan da dole su zama babu kowa, hanyoyi masu karo, rarar layi, alamar gogayya, nisan birki tare da gangara, da tsare kwiɓi, wato karkatar da masauyan maƙwabta ta yadda jirgin da ya ƙwace ba zai faɗo wa hanyar daga gefe ba. Sai ka ɗauki jadawali mai kyau ka riƙa ɓata shi da gangan, sharaɗi ɗaya a lokaci guda: goge masauyi, juya gefensa, cire yanki, rage nisa. Duk ɓarnar da manhajar ba ta kama ba, ko ƙa'ida ce ta ɓace, ko bayani. In injiniyan naka zai iya samo maka tsofaffin kwafin dubawa masu jan biro a jiki, an goge sunan tashar, ka ba manhajar zanen kafin gyara ka ga nawa daga cikin jan layukan za ta gano da kanta. Wannan adadin, tare da jerin waɗanda ta rasa da dalilin rasa kowanne, ya isa kundin digiri na biyu. Fitar da jadawali daga zane zai iya biyo baya, da sharaɗin wani mutum daban ne zai rubuta ƙa'idojin mai tsarawa, bai ga naka ba.